Ƙarshen da Na Ƙirƙira wa Mai Rigar Ruwa

Kun dame ni da tambaya a ƙasan rubutuna: Rosina, wai me ya shiga tsakaninki da Wemin? Wasu sun ce aladun sadaki ne suka gaza, wata ma ta rubuto cewa ruwan ido ne irin na 'yan boko. To yau zan faɗa, kuma duk wadda za ta zage ni ta bari sai ta kai ƙarshe, don na riga ta zagin kaina. Ba alade ba ne, ba kuma wata mace ba ce. Bakina ne ya ja mana.

Babana, Kaupa, shi ke da gidan kallo ɗaya tilo a ƙauyenmu, tafiyar awa guda a bas daga Kundiawa, babban garin yankinmu. Ɗaki ne na asabari da rufin kwano, an toshe tagoginsa da buhunan gahawa don haske kada ya shigo, talabijin kuma tana zaune a kan tsohon duro. Da ƙarfe huɗu na yamma, in an dawo daga gona, Baba zai ja janareto. Mai sulalla ya miƙa, marar ita ya kawo dankali ko ɗaurin ganye, Inna ta karɓa a bakin ƙofa tana mita.

Ni kuwa aikina fassara. Na gama sakandare a Goroka ban sami gurbin ci gaba ba, na dawo gida da takarda da girman kai. Finafinan da Baba ke sayowa daga ƙasashen da ba mu san yarensu ba ne, sai dai rubutun Turanci da ke gudu a ƙasa, kuma duk ƙauyen ni kaɗai nake kama shi kafin ya wuce. Sai in tsaya gefen duro cikin doguwar rigata mai jan fulawa, in yi muryar namiji, in yi ta mace, in yi ta mugu. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin yadda mutum ɗari ke zuba wa bakina ido.

Wani faifai ya zo cikin tarin da Baba ya sayo a kasuwa, ba kwali ba suna. Labarin wani lebura ne da yaran wani attajiri suka kashe masa ƙane. Ya je wurin 'yan sanda suka kore shi, sai ya ɗauki rigar ruwan ƙanen, ruwan ɗorawa, ya saka, ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya da adda. Jini kam sai wanda ya gani. Samari suka raɗa wa fim ɗin suna Mai Rigar Ruwa.

A ranar farko na yi abu biyu da har gobe nake da-na-sani. Akwai inda attajirin ya miƙa masa jakar kuɗi don a bar maganar. Abin da aka rubuta a ƙasa bai wuce "lokaci ya ƙure" ba. Na ga ya yi lami, sai na ƙara masa gishiri. Na kumbura murya na ce, "Ɗan'uwana ba alade ba ne, balle a biya ni shi da alade." Ɗakin ya ɗauki sowa kamar kwanon zai tashi.

Na biyun ya fi muni. Dab da ƙarshe, leburan ya je wurin budurwarsa, 'yar dangin attajirin ce, ya ce ta nuna masa gidansu don ya tsallake shi in ya zo ƙone unguwar. Ta nuna. Ya juya cikin ruwan sama ke nan, hoto ya tsaya cak. Faifan ya karce. Baba ya goge shi da riga, ya hura, ya shafa masa man goge baki, a banza. Samari suka fara dukan benci. Baba ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, ai na taɓa cewa na kalli wannan a makaranta, in faɗa musu ƙarshen kafin su fasa masa talabijin.

Na kalle shi kuwa, a wayar wata ƙawata. Na san ƙarshen sarai, kuma ba ƙarshen da ake faɗa wa mutum ɗari masu zufa ba ne. Sai na ce ya tsallake gidan kamar yadda ya yi alkawari, ya gama da maƙiyansa kaf, ya dawo ya auri yarinyar, gari ya naɗa shi shugaba. Aka tafa mini. Wata tsohuwa har ta ba ni ayaba.

Kafin wata uku, duk dilan gwanjo na Kundiawa ya san samarinmu. Rigar ruwa ruwan ɗorawa ta yi tsada. Rana na ƙwallewa za ka ga ƙato cikin roba yana ɗiga kamar an dafa shi, amma ba zai cire ba. An rubuta maganata da gawayi a bangon makaranta da jikin gadar igiya. Duk Asabar sai an saka fim ɗin, kuma in aka zo inda yake tsayawa, tare da ni suke rera ƙarshen.

A cikinsu na san Wemin. Ɗan Kan Tudu ne, dangin da muke auratayya da su, kuma in yaƙi ya tashi gefe ɗaya muke tsayawa. Shi ba ya sowa. Yana zama a bencin baya da yayansa Umba, yana ɓare gyaɗa yana kallona maimakon talabijin. Saƙonsa na farko da ya shigo wayata, sai da na hau tudun coci inda ake samun sabis kafin na gani: "Malama mai murya bakwai, wacce ce taki a ciki?" Na amsa masa cewa sai ya biya kuɗin shiga. Washegari ya turo mini rake guda da ƙaramar bilum, irin jakar zaren da muke ratayawa, wadda ƙanwarsa ta saƙa, ja da baƙi. Baba ya ga rake, ya ga yaro mai gonar gahawa, ya fara kiransa suruki tun kafin a yi maganar komai.

Na taɓa tsokanarsa na ce me suke gani a fim ɗaya sau talatin, ko haddace shi za su yi su ci jarrabawa. Ya yi dariya. Ya ce shi daga aji takwas aka sallamo shi, Umba daga aji shida, kuma tun da aka haife shi bai taɓa ganin motar 'yan sanda ta hawo Kan Tudu don an cuci talaka ba. Ya ce a talabijin kullum masu takalmi ne ke magana, mu sai dai a nuno mu da gashin tsuntsu a ka muna rawa. "Amma wannan mutumin, Rosina, silifas ɗinsa irin nawa ne. An taɓa nasa, duniya ta ce ba komai, shi ya ce akwai komai. In na kalle shi sai in ji ni ma mutum ne."

A ranar ya kamata in faɗa masa gaskiya. Sai na ji kunya, na ce wata rana.

Wata ranar ba ta zo ba sai da Umba ya mutu. Bas ce ta kaɗe shi a babban titi yana ɗauke da buhun gahawa. Bas ɗin kuwa ta Kawu Degemba ce, yayan Inna, mutumin Tsallake, kuma ɗansa ne ke tuƙi. Hatsari ne, birki ya ƙwace, amma a wurinmu gawa ba ta san hatsari ba, dangi take tambaya. Kun san yadda muke da mutanen Tsallake: kogi ɗaya ya raba mu, su muke aura, su muke yaƙa.

Wemin ya shafe fuskarsa da farar laka kamar kowa a gidan makoki. Kowa ya wanke tasa bayan an rufe gawa, shi ya ƙi. Ya bar aski. Rigar ruwan Umba, wadda a da yake yi wa dariya, ita ya saka. Ya dawo gidan kallo, amma yanzu a bencin gaba, kuma ba ni yake kallo ba. Saƙonninsa suka gajarce. In na rubuta "Ka ci abinci?" sai ya amsa "Lokaci na zuwa."

Gida ya zame mini wuta biyu. Inna ta tsare ni a madafa tana tona dankali daga toka, ta ce in mayar wa yaron nan da bilum ɗinsa, ita ba za ta haɗa jini da wanda ke wasa adda yana kallon garinsu ba. Ta ce tun ranar da ta ji ana rera maganar alade ta san za a rina, don magana zarar bunu ce. Baba kuma ya ce in na rabu da Wemin a cikin makoki, Kan Tudu za su ce mun bi Tsallake, kuma gidan kallonsa ne farkon abin da zai ci wuta. Na roƙe shi ko fim ɗin ya daina sakawa. Ya ce in ya daina, ni zan tsaya a ƙofa in faɗa wa masu riguna?

Dattawa dai ba su zauna ba. Fada, limamin cocinmu, da masu sulhu suka yi ta zirga-zirga a kan gadar igiya, har Kawu Degemba ya aiko da ganyen tanget, wanda muke aika saƙo da shi, mai ƙulli bakwai, kowane ƙulli kwana ɗaya: nan da kwana bakwai zai kawo aladun diyya filin coci, a karya rake, kowane gefe ya sha, magana ta mutu. Wanda za a fara miƙa wa raken kuwa shi ne ɗan'uwan mamaci mafi kusa. Wemin ke nan.

Ana sauran ƙulli uku na shiga bas zuwa Goroka, na nemo ƙawar nan tawa, ta tura mini fim ɗin cikakke a filashi. Ban gaya wa Baba ba. Ranar Asabar, jajibirin karya rake, na cire faifan na soka filashin. Ɗakin ya cika maƙil da warin roba da zufa. Da aka zo wurin jakar kuɗi, suka buɗe baki za su rera, na riga su. Na ce abin da ya faɗa "lokaci ya ƙure" ne kawai, maganar alade tawa ce. Wasu suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake.

Aka zo wurin da hoto ke tsayawa, bai tsaya ba. Leburan ya tafi kai tsaye gidan da yarinyar ta nuna, shi ya fara cinna wa wuta, don a nan attajirin ya ɓuya. Yarinyar ta faɗa ciki ta fito da uwarta, daga ita har uwar ba wadda ta fito. Ya zauna cikin taɓo ya cire rigar, yana kuka ba mai ba shi haƙuri, don bai bar kowa da rai ba. Babu aure, babu sarauta. Rubutu ya hau.

Ban ma fassara ba, babu abin fassarawa. Wani daga baya ya ce kawuna ne ya saye ni. Wani ya ce ai yanzu da kwamfuta ana haɗa komai. Ɓawon gyaɗa ya fara sauka a kaina, Baba ya kashe janareto yana rantsuwa bai san komai ba. Suka fita suna rera maganar aladen da ƙarfi fiye da kullum. Nan na gane abin da ban gane ba a da: ba fim ɗin suke ƙauna ba, abin da suke ji in suna kallonsa suke ƙauna, kuma wannan ba a faifai yake ba balle in cire shi.

Wemin ne kaɗai ya rage a benci. Na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini, yarinta ce da son a tafa mini.

"Sau nawa kika faɗi wancan ƙarshen?" ya tambaya.

Na ce ban ƙirga ba.

"Ni na ƙirga. Sau arba'in da ɗaya. Ranar da aka rufe Umba, da shi na tsaya da ƙafafuna." Ya ɗago ya dube ni, lakar fuskarsa duk ta tsattsage. "Kin iya ƙarya sau arba'in da ɗaya ido cikin ido. Yau da kawunki ke cikin matsala kika tuna gaskiya. Wanne zan ɗauka, Rosina?"

Tambayar tasa kuwa tana kan hanya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ba a gaya mini cewa in ka fito daga cikinsa ma ba mai yarda da kai ba. Ya tashi ya fita, robar rigarsa tana ƙara.

Washegari bayan an tashi daga coci filin ya cika. An kafa turaku a jere, kowane da aladensa. Mutanen Tsallake a gefe guda, Kan Tudu da mu a ɗaya gefen. Inna ta saka rigarta ta bikin Ista, shuɗiya mai leshi a wuya, ta tsaya a tsakiya-tsakiya kamar sauran matan da aka auro daga can, ba su nan ba su can. Kawu Degemba, da furfurarsa da sandarsa, ya yi jawabi mai tsawo har ya yi hawaye. Ya ce Umba ɗansa ne shi ma, ya sha ɗaukarsa kyauta a bas. Fada ya yi addu'a. Aka karya raken a gwiwa, Kawu ya miƙa rabin da hannu biyu.

Wemin ya fito. Na ga hannunsa ya ɗaga, na rantse muku ya ɗaga, har yatsunsa sun kusa taɓa raken. Sai masu riguna suka fara buga ƙafa a bayansa, a hankali, kamar yadda suke dukan benci. Ya waiwaya ya dube su. Ya sauke hannun.

"Ɗan'uwana ba alade ba ne," ya ce, "balle a biya ni shi da alade."

Da muryata ya faɗa, har inda nake jan numfashi a tsakiya. Kawu ya tsaya da rake a hannu kamar an dasa shi. Dattawan Kan Tudu suka sunkuyar da kai, don tun kakanni ba a taɓa mayar da rake a wannan fili ba. Mutanen Tsallake suka kwance aladunsu, suka bi hanyar gada. Inna ta juyo ta nemo ni da ido cikin taron. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da muka koma gida ta ɗauko babbar bilum ɗinta ta zuba riguna biyu da tukunya. Baba ya tare ƙofa ya ce ta yi hankali, mace ba ta tsallaka gada in an mayar da rake. Ta ce shekara ashirin da shida tana noma masa dankali tana kiwon aladunsa, yau kam ya matsa. Ta ce in za a ƙone gidan da aka binne cibiyarta, to a ƙone da ita a ciki. Ta ɗora igiyar bilum a goshi, ta dube ni ta ce, "Ke kuma ki zauna ki yi musu fassara."

Kwana biyu ke nan. Makaranta ta rufe, bas ba ta hawowa, mata sun daina zuwa gonakin bakin kogi. Baba ya naɗe talabijin a bargo ya tura ƙarƙashin gado. Jiya an ga masu riguna sun sauko daga Kan Tudu da jarkoki, kuma kowa ya san ba ruwa ne a ciki ba.

Yau da hantsi na hau tudun coci da waya a hannu, ko Inna ta aiko da wani abu. Saƙo ɗaya ne ya shigo, daga Wemin.

"Wanne ne gidan kawunki? Faɗa mini don in tsallake shi."

Na zauna a kan ciyawa. Kalma da kalma, tambayar leburan ce. Wemin ya ga ƙarshe biyu, nawa da na gaskiya, kuma ban san wanne yake bi ba. In nawa ne, shiruna zai sa wuta ta ci gidan da Inna ke ciki. In na gaskiya ne, yatsana ne zai nuna masa ita. Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Mai murya bakwai, yau ko ɗaya ban samu ba.

Ku da kuka ce ruwan ido ne, ga shi kun ji. Ina son Wemin har yanzu, kuma ni na saka masa maganar da ta hana shi shan rake. Ba zan sake faɗa wa kowa yadda labari zai ƙare ba.

Na koma gida na saka rigata mai jan fulawa, wadda ya sanni da ita tun daga bencin baya, wadda ake hangowa daga nesa. Na rataya ƙaramar bilum ɗin da ya ba ni. Baba yana bayan ɗaki yana ba aladu abinci, ban yi masa sallama ba. Ina rubuta muku wannan ne a kan tudun coci, daga nan gadar igiya ba ta kai tafiyar minti goma ba. Amsar da na tura masa ke nan, kuma ta nuna ya buɗe:

"Gidan da za ka same ni zaune a ƙofarsa."